Na Dafa Musu Obiad a Romi

Zuwa ga Nelson, hasken idona, sanyin ƙirjina, ruwan farkon damina da ke sauka kan ƙasar da ta gaji da jira har ƙamshinta ya cika unguwa! Inuwar mangwarona idan ranar Kaduna ta buɗe wuta, zumar da ba a ɗebo ta sai an sha harbi, ɗan gatan zuciyata, nawa ni kaɗai ko da unguwannin Romi da Television za su haɗa baki su ce ba haka ba!

Ina gaishe ka, gaisuwa irin wadda waya ba ta iya ɗauka. Yaya sanyin Lublin, can ƙasar Poland? Yaya karatu, yaya aikin ɗaukar kaya da ke cinye maka kafaɗu? Na zaɓi biro da takarda ne don na san halina. In na kira ka, kuka zai riga magana fitowa, kafin in share hanci netwok ya ɗauke, ka wuni kana zaton wani ne ya mutu. Kowa yana nan lafiya, Mamarka ma jiya muna tare. Amma ka nemi wuri ka zauna, masoyina. Na yi abin da ba a iya mayar da shi baya, kuma ko ƙwayar gero ta nadama babu a raina.

Ka tuna ranar da ruwa ya tare mu a garejin Television? Na taso daga makaranta hannuna duk alli, kai kuma ka fito daga aiki rigarka duk baƙin mai, muka fake a rumfar matar nan mai faten acca. Fate ya rage kwano ɗaya tak a tukunyarta. Ka ce in ci, na ce ka ci, muka yi ta tura wa juna har matar ta gaji ta dire mana cokali biyu, ta ce in ba za mu ci ba mu ba ta wuri. Ruwa na dukan langa-langa, tururin yakuwa na shiga idona, kai kuma kana ta turo mini gefen da ya fi gyaɗa, kana zaton ban gani ba. Na gani, Nelson! Tun ranar na san wanda zan ci abinci da shi har haƙorana su zube. Wasu masoya suna da farin wata da taurari, mu tsakar rana muka samu, da gumi, da kwano ɗaya. Shi ya sa da ka tashi tafiya ba mu yi alkawarin komai ba sai wannan: duk Lahadi bayan coci, ka jingina wayarka, in jingina tawa, mu ci abincin rana muna kallon juna.

Ashe ƙasar da ka je ba ta san abincin rana irin namu ba! Ka ce a wurin aiki ba mai tashi ya je neman shinkafa da wake. Kowa sai ya zaro biredi da ɗan nama a tsakiya daga jakarsa ya cusa a tsaye, wai sunansa karin kumallo na biyu. Karin kumallo har sau biyu, sai ka ce masu jinya! Abinci na gaske kuwa, wanda suke kira obiad, sai an taso aiki, rana ta karkata wajen la'asar, kuma shi ne babban abincin yini gaba ɗaya. Ka koya mini ba a kai loma baki sai an ce wa juna smacznego, wato a ci lafiya, kalmar da ta kusa karya mini harshe har ɗalibaina suka kama ni ina maimaita ta ni kaɗai a bakin allo. Ka ce in an gama kuma kowa yana godiya kafin ya tashi, ba mai girki kaɗai ake gode wa ba, har wanda ya zauna kusa da kai. Wannan kam ta burge ni, ban ɓoye maka ba.

Sannan ga Pani Jadwiga, tsohuwar da kake haya a gidanta, wadda mijinta ya rasu 'ya'yanta suka watse ƙasashe. Har yau in na tuna Lahadinka ta farko a teburinta sai dariya ta kama ni. Ta ajiye maka romon kaza tsararo da 'yar siririyar taliya tana yawo a ciki, wanda suke kira rosół, ka leƙa kwanon ka ce a ranka, Allah sarki, talauci ne ko rowa? Don kada ka kunyata baiwar Allah ka sha, ta ƙara maka ka sha, ta kuma ƙarawa ka shanye, cikinka ya cika da ruwa fal kamar randa. Sai ga ta ta fito da ainihin abincin, nama da dankali, ta tsaya a kanka sai ka cinye! Ɗan Kaduna, wa ya gaya maka a can miya daban take tafiya, tuwonta na biye a baya? Na yi dariya har da hawaye a ranar. Ban san wannan teburin ne zai cinye mini Lahadina ba, domin ka ce tsohuwar ba ta yarda a hau teburinta da waya. Na haƙura. Na ce tsohuwa ce mai kaɗaici, kai kuma baƙo ne mai yunwa, ni kuwa ba inda za ni.

To sai kai, sarkin marasa wayo, ka ɗauki hoton teburin nan ka watsa a guruf ɗin dangi. Haba, Nelson! Ga ka cikin farar riga, ga furannin da ka kai wa tsohuwar a tsakiyar tebur, ga silifas ɗin marigayi mijinta a ƙafarka, ga kuma jikarta a gefenka, mai gashi kamar gemun masara, ta buɗe haƙora tana dariya. Me kake so mutanen Romi su yi da wannan? Su ce a ci lafiya?

Tony ne ya fara. Ka san shi, ɗan ƙanwar Mamata, wanda ya yi 'yan watanni a Poland yana tsinkar tuffa, ya dawo da jaket ɗin da ko a bazara ba ya cirewa. A harabar coci ya tara mutane, ya ce shi ya zauna da mutanen nan, ya san cikinsu. Wai a can ba a kiran namiji obiad ɗin Lahadi sai an ɗauke shi suruki. Wai in ka ga furanni, ka ga an ba mutum takalmin maigida, to magana ta ƙare, saura ɗaurin aure. Kafin zumuntar mata su yi addu'ar rufewa an riga an aura maka Baturiya, an haifa maka 'ya'ya, har an raɗa musu suna. Mata suka riƙa kama hannuna suna cewa sannu, kamar an yi mini rasuwa.

Magana ta kai unguwar Nasarawa, kunnen Baba Ɗanjuma. Ka san tun da mahaifina ya rasu, yayansa ne ke riƙe da maganar gidanmu, kuma in ya ce e, e ne. Ya zo da sandarsa ya zauna a tsakar gida, ya ce ba za a shanya 'yar ƙaninsa kamar kuɓewa a kan rufi ba, ana jiran wanda ya riga ya sami wurin ci. Ya ce za a mayar da tauren gaisuwa. Ba sai na tuna maka al'adar gidanmu ba, amma bari in faɗa don ka ji nauyin abin. Tauren da danginka suka kawo ranar gaisuwa ba a yanka shi sai lokacin biki. Muddin yana numfashi, ana iya kama igiyarsa a mayar wa masu shi, maganar aure ta mutu ke nan. Amma ranar da dattijon gidan amarya ya ci namansa, bakin alƙalami ya bushe. Na kunna wa Baba saƙon muryarka, inda kake rantsuwa cewa yarinyar ziyara kawai ta kawo wa kakarta. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce muryar waya ba ta da ido. Ya sa Lahadi mai zuwa, bayan coci, a danƙa wa Mamarka igiyar.

Kada ka ɗauka ni dutse ce. Na ji zafi, Nelson, zafin da ban taɓa ji ba! Na buɗe hoton nan da yatsu biyu har fuskar yarinyar ta farfashe, na ƙirga tazarar da ke tsakanin kafaɗarka da tata, na tsane ta, na tsani gashinta, na tsani kakarta, na tsani romon kaza da duk kazar da aka taɓa yankawa a Poland. Na ajiye abinci a gabana ya huce ban taɓa ba. Ina ne ban kai kuka ba? Bayan aji, bakin rijiya, cikin keke Napep a kan gada ina kallon kogi ya cika ya batse, ina cewa ko shi bai kai abin da ke ƙirjina ba. Sannan wata rana na bar kallon ta, na kalle ka kai. Na san fuskarka ta soyayya, na kuma san fuskarka ta yunwa. Wadda ke cikin hoton nan ta yunwa ce, idonka ma a kan faranti yake.

Daga nan na share hawayena. Wa ya haifi Tony da zai raba ni da kai? Tsinkar tuffa ce ta ba shi ikon karanta zuciyar mutum daga hoto? Su wane ne matan zumunta da za su binne abin da yake da rai? Suna ina ranar da ka sayar da babur ɗinka ka zauna a asibiti kusa da gadon mahaifina kana ba shi kunu a cokali? A ce tsohuwa ta ga yaro baƙo a ƙasar sanyi ta ba shi abinci, shi ke nan ya zama laifi? Mu nan Kaduna, baƙo nawa muka ciyar ba mu aura musu 'ya'yanmu ba? Na ce to, tunda teburin Lahadi ne ke ƙulla zumunci, ni ma ina da tebur, kuma Lahadi ba ta Poland kaɗai ba ce.

Na je Nasarawa na durƙusa gaban Baba. Na ce na ji, amma ina roƙon alfarma ɗaya. Kafin a rabu, a bar ni in dafa wa gida biyu abinci da hannuna, irin abincin da aka ce ya sace mini miji, kowa ya ɗanɗana ya ji abin da ya fi ni. A kira Mamarka, a kira Tony tunda shi ne masani. Baba ya dube ni da tausayi, ya ce ba laifi, a rabu da arziki.

Ranar Asabar da hantsi na kwance tauren. Kai ba ka san yadda ya girma ba, rabonka da shi yana ɗan ƙarami. Baƙi wuluk da farin goshi, ya yi ƙiba har wuyansa na ninkewa, don ni nake ba shi dusa da harawa da hannuna, in na dawo makaranta shi ke fara yi mini oyoyo. Sau nawa na zauna kusa da turkensa ina ba shi labarinka? Mama tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta ga igiya a hannuna, ta ga fuskata, sai ta juya kujerarta ta fuskanci bango, ta ce ita yau idonta na ciwo, ba ta ganin komai. Na sa shi a keke har Makera wurin Malam Usman mahauci. Yana ta shinshina zanena a hanya. Da Malam ya kama shi na fita waje na toshe kunnuwana, na yi kuka kamar ƙaramar yarinya, har wata mai sayar da awara ta tambaye ni wa ya rasu. Wannan shi ne abin da ya fi mini wuya a cikin duk abin da na yi.

Duk labaran abincin nan da ka cika mini kunne da su, waɗanda nake ji ina cizon leɓe, ashe suna nan a kaina ban zubar ba. Na yanka kazar Mama na ɗora a wuta kaɗan kaɗan da karas da albasar da na babbake, kamar yadda ka ce tsohuwar ke yi, ban sa tumatur ba, ban sa attaruhu ba, hannuna na ƙaiƙayi na hana shi. Na yanka cinyar tauren fale-fale, na buga da gindin kwalba har ta yi laushi ta baje, na tsoma a fulawa da ƙwai da garin busasshen biredi na soya. Na dafa dankalin Jos, na yayyanka kokwamba na kwaɓa da kindirmo. Na tafasa abarba da mangwaro na bar ruwan ya huce, a madadin ruwan 'ya'yan itacen da ka ce suna sha a kan abinci. Na shimfiɗa farin zanen Mama a tebur, har furen bakin katanga na tsinko na sa a kofi.

Aka taso coci suka iso, kowa da fuskar jana'iza. Mamarka ta zauna a gefe ta sunkuyar da kai, baiwar Allah, kunya ta hana ta haɗa ido da kowa kamar ita ce a cikin hoton. Na bar su suka zauna. Rana ta take, ta karkata, Baba ya duba agogo ya sake dubawa, na ce ya yi haƙuri, obiad ba ya fitowa da wuri, a tambayi Tony. Tony ya gyara jaket ya ce ƙwarai haka ne. Sai da na ji cikin Baba ya yi ƙugi daga inda nake tsaye, sannan na zagaya da faifai na karɓe wayar kowa, na ce wannan ma al'adarsu ce. Na jera kwanuka, na tsaya, na ce smacznego da ƙarfi ba tare da harshena ya sarƙe ba.

Da ka ga fuskar Baba, Nelson! Ya sa cokali yana juya romon yana neman abin da zai kama, sai taliya ke zillewa. Ya tambayi Mama ko gas ne ya ƙare kafin a tuƙa tuwo. Ya kurɓa, ya ce wannan ai ruwan wankin kaza ne, in dai wannan ne ya ɗauke hankalin yaron nan to dama can hankalin ba shi da nauyi. Ya shanye dai don yunwa ba ta san fushi ba, ya goge baki, ya laluɓo hularsa, ya ce tunda an gama a kawo igiya. Kuskuren da ka yi a teburin Pani Jadwiga, shi Baba ya yi a nawa, ban kuwa yi mamaki ba, don da shi na dogara. Na ce Baba ya zauna, ai yanzu aka fara. Na shiga na fito da babban tire, nama na tururi, ƙamshi ya cika falo.

Tony ya miƙe wuya ya ce yawwa, wannan shi ne na Lahadi, naman alade ne ake bugawa haka, shi ya ci ya fi a ƙirga. Ni dai ban ce alade ne ba, ban kuma ce ba alade ba ne. Na zuba wa Baba nasa na ja baya na tsaya.

Ya yanka, ya kai baki, ya tauna sau ɗaya, ya tsaya cak. Nelson, mutumin da ya yi kiwon awaki tun yana yawo ba wando a ƙauye, shi za a ɓoye wa naman akuya da garin biredi? Ya ɗago ya dube ni. Ya juya ya kalli tagar bayan gida, inda tun zuwansu ba a ji kukan komai ba. Ya sake dubana. Tun da aka haife ni ban taɓa tsayar da idona cikin nasa ba, amma jiya na tsayar. Lomar tana bakinsa. Da ya tofar, da shi ke nan, bai ci ba, sai a sayi wani taure a mayar, ni kuma in zama yarinyar da ta yi wa babanta dabara a gaban surukai. Na ga ya san haka, shi ma ya ga na sani. Tony kaɗai ke ta ci yana santi.

Sai Baba ya haɗiye. Ya yanka wata ya ci. Ya ci dankali, ya ci kokwambar da ya saba cewa abincin zomo ce, ya share farantin tas, sannan ya miƙo mini shi ya ce a ƙara.

Da aka gama na zo na durƙusa zan yi magana, ya ɗaga hannu ya ce ba sai na faɗa ba. Ya juya ga Mamarka ya ce ta yi haƙuri, ta zo karɓar igiya, to igiya tana nan in tana so, amma abin da ke jikinta yana cikinsa. Tony ya ƙware da ruwan abarba har sai da aka bubbuga masa baya. Mamarka ta ɗora hannu a ka, ta fashe da kuka, ta rungume ni tana cewa 'yata, 'yata, Mama kuma da ciwon idonta ya warke nan take ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Amma Baba bai yi dariya ba. Ya ce in saurara da kyau. Ya ce ba dabarata ce ta ci shi ba, da saninsa ya haɗiye, don yarinyar da ta iya kai abin da ta raina da hannunta wurin mahauci ba wasa take yi ba. Ya ce amma daga yau, in yaron nan ya ba ni kunya, ba ni za a nuna da yatsa ba. Shi za a nuna, a ce ga tsohon da ya ga hoto da idonsa, ya ji gargaɗi da kunnensa, ya sayar da 'yar ƙaninsa saboda loma. Ya ɗauki sandarsa, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce tunda an ce mutanen can suna godiya in sun tashi, to ya gode.

Ka ji abin da na yi, abin ƙaunata. Ban nemi shawararka ba, don na san za ka ce in bi a hankali, ni kuwa hankali ya kusa cinye mini aure. Yanzu babu abin da za a ja a mayar. Na rufe ƙofar baya da hannuna, na tsaya a fili, ni da tsoho mai furfura wanda bai taɓa sa sunansa a caca ba sai jiya. Su yi ta magana! Matan zumunta su ce na yi rashin kunya, Tony ya ce za a gani, Romi ta kira ni mai taurin kai. E, ni ce! Da in zauna ina kallo a ja rayuwata da igiya a bi layi da ita, gara a ce ba ni da kunya.

Ba zan ce ka bar teburin Pani Jadwiga ba. Je ka, ka kai mata furanninta, ka sa silifas ɗin mijinta, ka sha romonka. Ka gaya mata akwai wata a Kaduna da ta gode mata da ta hana yunwa kashe mata miji, kuma ta dafa abincinta ba tare da ta taɓa ganin ta ba, har wani dattijo ya nemi ƙari. Jikar ma ka gaishe ta, na daina tsanar ta, ko da yake gashin nan nata har yanzu bai yi mini ba. Amma ka kira Baba Ɗanjuma, kiran bidiyo, ka cire hula, ka dube shi, ka faɗa masa watan da za ka zo. Ba ni za ka faɗa wa ba, shi. In kuwa har Tony ne ke da gaskiya, abin da raina ya ƙi karɓa ko a mafarki, to ka faɗa mini ni da bakinka, in je Nasarawa in durƙusa in gaya masa da kaina. Kada ka bari tsohon nan ya tsinci maganar a harabar coci.

Kafin ya tafi ya bar umarni ɗaya. Ya ce ango bai ci ba tukuna, a yi bandar cinyar da ta rage a ajiye maka. Tana nan rataye a madafa a saman murhu, hayaƙi na ratsa ta. Da safen nan na juya ta kafin in tafi makaranta, gobe ma zan juya, jibi ma haka. Mama ta ce banda tana daɗewa in ana kula da ita, amma ba ta shekara biyu. Ni zan iya jira fiye da haka, Nelson, naman ne ba zai iya ba. Ka zo ka ci rabonka.

Taka jiya, taka yau, taka har ranar da za a kwantar da ni, wadda ba ta da wani gida sai inda kake,

Hadassah
Romi, Kaduna